Ƙusoshin Bayan Madubin Yaya

Inna ce ta aike ni in ƙara ƙaya a kan kushewar Yaya Yahaya. Saura kwana uku mu bar gari, ta ce ba za ta iya hawa mota tana tunanin karnuka ba. Karnukan shekarar nan yunwa ta mai da su wani abu daban. Na ɗauki gatari da igiya da la'asar sakaliya, na bi hanyar gabas ta bayan rijiyar da ta ƙafe.

Shekarar 1984 ce, soja ke mulki. Sau uku muka shuka hatsi, sau uku ƙasa ta haɗiye ba ta mayar da ko ganye ba. Ƙauyenmu tafiyar hantsi ne daga Urafane. Da gida arba'in ne, amma a lokacin hayaƙi bai fi a gida tara yake tashi ba. Motar da ke kawo hatsin taimako za ta koma Maraɗi ranar kasuwa, direban ya yarda ya ɗauke mu, ni da Inna, zuwa wurin ƙanenta.

Sunana Talle. Ina ciki ubanmu ya rasu, don haka Yaya na sani a matsayin uba. Shi malamin makaranta ne, abin da muke ce wa mushe, a lakwal ta Tasawa, ni kuwa aji shida na tsaya, jarrabawa ta kā da ni sau biyu na haƙura. Ciwon shawara ya maido shi gida da damina. Ranar da Inna ta aike ni, kwanansa arba'in da ɗaya a ƙasa.

Abin da ya bari bai da yawa. Tufafinsa an bayar sadaka, littattafansa gara ta cinye a cikin akwati. Saura bututun.

Bututu ne na kwano, tsawonsa kamar mutum a kwance, bakinsa buɗe yana kallon sama, a can gindinsa kuma akwai madubi mai faɗin faifai ƙarami. Wani Bature da ya koyar a kwaleji ya bar mashi gilashi mai kauri, Yaya ya yi shekara biyu yana goga shi da hannu har ya yi ɗan zurfi kamar tafin hannu, sannan Baturen ya kai shi ƙasarsu aka shafa mashi ruwan azurfa. Madubin ke tara hasken taurari ya turo shi sama, zuwa wata 'yar ƙofa a gefen bututun kusa da baki. Nan Yaya ke ɗaura kamararsa, yana leƙawa ta idonta. Akwai kuma hannun tsohon keken ɗinki da ake juyawa a hankali don bututun ya bi taurari, tunda sama ba ta tsaya wa kowa.

Abu guda Yaya ke so a duniya: hoton taurarin nan, Kaza da ɗiyanta, kowace tauraruwa ɗigo guda, tsaf kamar tsinin allura. Bai samu ba. Duk pelikil, wato fim ɗin kamara, da ya aika Maraɗi aka wanke, taurarin kan dawo da wutsiya kamar talibambam. Ya ce laifin ba na madubi ba ne, na mazauninsa ne. Katakon akwatin shayi ya yi mashi mazauni, zafi ya lanƙwasa shi. Madubi, in ji shi, kamar jariri yake: a tallafe shi a wuri uku, kada a matse. In an sassauta ya karkace, in an matsa taurari su yi kusurwa uku.

Saitin kuwa aikin mutum biyu ne. Ƙusoshi uku ne masu murɗi a bayan madubin, maƙeri ya yi masu kunnuwa don a juya da yatsa, suna tura shi zuwa ga ƙugiyoyi uku da ke riƙe da bakinsa. Yaya na sama idonsa a kamara, ni ina durƙushe a gindi. Ya ce ta hagu, in murɗa ta hagu. In ce, ya yi? Ya ce ƙara kaɗan, malalaci, ko hannunka na kuturu ne? In ya gamsu sai ya danna kamara ta yi ƙas, sannan mu sauya wuri, ya ce in zo in gani kafin su gudu.

Kwana biyu kafin ya cika ya kama hannuna. Ya ce saura hoto guda a cikin kamara, in samo katako mai tauri wanda ba ya lanƙwasa, in ƙarasa mashi. Na ce to. Ban san abin da ake ce wa mai mutuwa ba in ba to ba.

To amma ina katako? Itatuwan da suka rage masu kaki sun hana sarewa, wanda aka kama da ɗanyen icce sai ya kwana Tasawa. Ko itacen rufe kushewar Yaya ba a samu ba, sai da Baba Danda, tsohon da ke gina kushewa a garinmu, ya cire ƙyauren ɗakinsa na kirya ya tsaga shi.

Rana ta kusa faɗuwa sa'ad da na gama jera ƙayar. Ba tsuntsu, ba kukan akuya. Ƙarar ƙaya kawai tana jan ƙasa. Na durƙusa ta wajen kai in yi addu'a, sai gwiwata ta bugi wani abu.

Ragowar ƙyauren ne. Guntu guda, faɗinsa ya ɗara taƙi, kaurinsa yatsa biyu, baƙi wuluk don tsufa. Rairayi ya rufe rabinsa.

Kowane yaro a garinmu ya san abin da aka kai wa mamaci ba ya komawa gida. Ragowar icce, ragowar ruwan kwaɓa ƙasa, karan da aka auna gawa, duk nan ake barinsu. Na sani. Na ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya amsa da ƙarfi kamar ƙarfe. Na ce a raina ai na Yaya ne, kuma aikin Yaya zan yi da shi. Na tura shi cikin riga, sanyinsa ya taɓa cikina.

Kwana biyu ina sassaƙa shi a bayan ɗaki. Kirya ba ta son wuƙa. Na huda ramuka uku da ƙusa mai zafi, hayaƙin ya fito da wani wari kamar na tsohon turare. Na yanka robar cikin tayar keke na liƙa a kan kowace ƙusa, don madubi ya zauna kan taushi. Na bar tsakaninsa da ƙugiyoyin sarari kamar kaurin takarda, yadda Yaya ya sha faɗa.

Rana ta biyu Baba Danda ya leƙo yi wa Inna ban kwana. Na ja tabarma na rufe katakon. Ya dubi bututun ya yi dariya, ya ce igwar Mushe ke nan wadda ba ta taɓa kashe ko fara ba.

“Kai ma harbin sama za ka yi, ɗan nan? In ka same ta ka ce ta zubo muna ko na alwala.”

Na yi dariya don ya tafi. Ya ɗan tsaya yana shinshina iska, sannan ya wuce.

Tun ranar da masu kaki suka zo suka yi ta tambaya ko bindiga ce, mai gari ya ce kada a ƙara kafa bututun a cikin gari. Saboda haka bayan isha'i, a darenmu na ƙarshe, na ɗora shi a kai na nufi tabkin yamma. Shekara biyu rabonsa da ruwa. Ƙasarsa ta tsattsage kamar bayan kunkuru, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafa.

Babu wata. Sama ta cika fal, ta sauko ƙasa-ƙasa, kamar ita kaɗai ce fari bai taɓa ba. Kaza ta riga ta hau da ɗiyanta.

Na kafa bututun a kan ƙafafunsa, na ɗaura kamara, na leƙa. Taurarin na nan, kowace da 'yar wutsiyarta. Na sauka gindi na murɗa ƙusa guda, na dawo sama. Kafin in iso sun gudu daga ido. Na nemo su, na ga na ɓata fiye da da. Na koma. Na dawo. Na yi haka ya fi sau goma, gumi na zuba cikin sanyi. Sai a lokacin na gane abin da na yi wa alkawari. Aikin mutum biyu ne, kuma ni kaɗai na rage.

Na tsaya idona a kamara, hannun dama na juya hannun keken ɗinki, na hagu riƙe da 'yar igiyar dannawa. Hawaye ya sa taurarin suka narke. Ban yi niyyar komi ba. Marmarin jin kalmomin kawai na yi, ko da daga bakina ne. Na kwaikwayi muryarsa a hankali.

“Ta hagu. Ƙara kaɗan.”

Ƙiii.

Ƙarar ƙarfe ce cikin kirya. Na san ta, kwana biyu ina jin ta a hannuna. Daga gindin bututun ta fito.

A cikin idon kamara taurarin suka motsa, wutsiyoyinsu suka ragu.

Na ce iska ce. Babu iska. Na ce katako ne ke sakin zafin rana.

Sai ƙamshin ya iso. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin wanda ke tashi in ruwan farko ya sauka. Rabon hancina da shi tun ranar da aka kwaɓa ƙasar rufe Yaya.

“Ya yi?”

Muryar Yaya ce. Ba ta yi kama da tasa ba, ita ce. Har da ɗan kaushin da ciwo ya sa mata. Amma tambayar tawa ce, Yaya bai taɓa yin ta ba. Kuma babu numfashi gabanta, babu bayanta.

Ban ɗaga ido ba. In na ɗaga, gindin bututun na nan gefena, bai fi taki biyu ba. Na danna fuskata a kamara har ƙarfe ya shiga ƙashin girata. Na nemi Ayatul Kursiyyu, wadda na iya tun ina shekara bakwai. Na tarar da wurinta wayam, kamar rumbunmu.

“Ya yi, Talle?”

Bakina ya buɗe da kansa. “Ta... ta dama.”

Ƙiii.

Wutsiyoyin suka ƙara shigewa. Duk abin da ke can ƙasa ya iya aikin. Ya fi ni iyawa. Rubu'in murɗi, ba daɗi ba ragi.

“In ya yi ka faɗa mani,” in ji muryar, a hankali kamar mai lallashi. “Sai mu sauya. Ka zo inda nike, in zo inda kake.”

Na san inda Yaya yake. Ni na jera ƙaya a kai.

Ƙafafuna ba su da niyyar gudu. Hannuna na dama bai daina juyawa ba, kamar na wani ne. Can nesa, ta wajen gari, kare ya fara haushi ya yanke a tsakiya.

“Ta sama,” na ce. “Kaɗan.”

Ƙiii.

Sai ya yi.

Ban san yadda zan gaya maku ba, karatuna bai kai ba. Ɗiyan Kaza da muke ƙirgawa bakwai ashe ba su ƙirguwa. Kowace ta tsaya ɗigo guda, tsaf, kamar an huda baƙin zane da allura ana haska fitila ta baya. Manyan kuma suna zaune cikin wani shuɗin hayaƙi mai laushi. Abin da Yaya ya goge fatar hannunsa shekara biyu don ya gani ke nan, bai gani ba. Ga shi a idona. Ga igiyar a ƙarƙashin babban yatsana. Dannawa guda, ƙirga goma, alkawari ya cika.

Amma ƙas ɗin kamara daidai yake da cewa “ya yi”. Haka muka saba. Bayansa sai sauya wuri.

Na ji ƙasa ta yi ƙaras a gindin bututun. Kamar gwiwa ce ta ɗaga, mai ita na shirin miƙewa.

“Ya yi ko?”

Yatsana na kan igiyar. Na kalli taurarin, na ƙara kallo, kamar mai shan ruwan da ya san ba zai sake samu ba.

“Ƙara,” na ce.



“Wacce?”

“Duka.”

Ƙiii. Ƙiii. Ƙiii.

Ɗigon suka kumbura. Shuɗin hayaƙin ya dushe.

“Ya yi?”

“Ƙara.”

Ƙusoshin sun cinye sararin takardar. Madubi ya haɗu da ƙugiya. Taurarin suka yi kusurwa uku, kowace kamar kan mashi.

“Ƙara.”

Na ji gilashin na nishi. Ban san gilashi na nishi ba sai daren nan.

“Zai fashe fa, Talle.” Muryar da yake yi mani in na zo da zazzaɓi. “Shekara biyu na yi.”

Ƙamshin ƙasar ya cika bakina, har ina jin laka a harshe.

“Ka ce ya yi mana, ƙanena.”

Ina kuka. Ina jin hawaye na bin ƙarfen kamara.

“Ƙara.”

Ƙiii.

“Ƙara.”

Tas.

Kaza ta rabe uku, ɗiyanta suka watse, ido ya yi baƙi.

Ba abin da ya motsa. Hannuna na dama ya saki keken ya faɗi gefena.

Sannan wani abu ya huro a bayan wuyana. Sanyi, jiƙe, daga sama da tsawon mutum. Aka yi magana daf da kunnena, kuma wannan karon ba muryar Yaya ba ce, ba ta kowa ba ce, kamar ana jan turmi kan tsakuwa.

“Ba mu gama ba.”

Na runtse ido na zura da gudu. Tsagar ƙasa ta kama takalmina, na bar mata. Wani abu ya shafi diddigena, sanyi ƙalau, ya zame. Ban waiwaya ba. Ban buɗe ido ba sai da ƙaya ta yage mani ƙafa a bakin gari. Ɗakin farko da na samu na faɗa ciki, ɗakin da ba shi da ƙyaure.

Baba Danda bai tambaye ni komi ba. Ya ɗora tafinsa a kaina yana karatu har asuba. Da gari ya waye na gaya mashi duka, har da katakon.

Na zaci zai zage ni. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya ɗauki sandarsa kawai ya ce in wuce gaba.

Bututun na tsaye inda na bar shi. Babu sawun kowa sai nawa. Madubin ya tsage gida uku. Kunnuwan ƙusoshin sun lanƙwashe kamar ganye, kuma a kan kowanne akwai jar laka, ɗanya shar, ga rana ta yi hantsi a tsakiyar tabkin da ya shekara biyu bai ga ɗigo ba.

“Yaya ne, Baba?”

“Mamaci ba shi dawowa, ɗan nan. Yayanka na inda Allah ya aje shi.” Ya goge lakar da gefen sanda, bai taɓa da hannu ba. “Amma kushewa na da maƙwabta, kuma suna da kunne. Ka ɗauko abin wurinsu, ka kuma sa su aiki.”

Na roƙe shi ya bar mani ko guntu guda na madubin. Ya ce duk abin da ya kwanta a kan katakon nan ya zama na can. Ya naɗe su cikin tsohon buhu, katako da gilashi da ƙusoshi, har da kamarar, ya nufi gabas shi kaɗai. Na tsaya ina kallon bayansa har ya shige bayan rijiya.

Da muna loda kaya a Urafane Inna ta tambayi bututun. Na ce ya fashe. Ta dubi ƙafata mai jini, ta dubi fuskata, ta ce Allah ya sa iyakar hasarar ke nan. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Allah.

Yanzu ina Maraɗi, ina gyaran rediyo a bakin kasuwa. Idona na dama bai koma daidai ba. Kowace fitila da dare kusurwa uku gare ta, likita ya duba ya ce bai ga komi ba. Na daina ɗaga kai sama in rana ta faɗi. In sanyi ya shigo, na san Kaza na can bisa kaina, sai in bi ta ƙarƙashin rumfuna.

Matata Kadijatu ta sha mamaki farkon aurenmu. In tana zuba mani kunu bayan magariba ta tambaya ko ya yi, sai in yi shiru ina kallon kwanon har ya cika ya zube a tabarma. Ta yi faɗa, ta yi dariya, ta ce ko rowar magana ce gadon gidanmu. Daga baya ta koyi tsayawa da kanta, ba ta ƙara tambaya ba.

Watan jiya ta tafi suna Mayahi da yara, ta bar ni ni kaɗai. Na kashe fitila na kwanta. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ga shi tsakiyar rani ne.

Aka tambaya, a hankali, daga wajen ƙafafuna.

Na ce ƙara.

Na ji ƙiii. Ban san abin da ake murɗawa yanzu ba.